Me Ya Sa Labarin Likita Mai Tausayi Ba Ya Tsufa?

Littafin koyon aikin likita saurin tsufa gare shi. Ɗalibin da ya yi karatu shekara 30 da suka wuce, an koya masa cewa kulorokwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Tun 2005 Najeriya ta ajiye shi ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, domin ƙwayar cutar ta daina jin na da. Kowace makarantar koyon aikin lafiya, daga ta Jahun har ta Birnin Kudu, ba ta rasa irin waɗannan manyan littattafai da ƙura ta lulluɓe, don ilimin ya yi gaba ya bar su. Amma akwai wani rubutu na likitoci da wannan hukunci bai hau kansa ba, wato wanda likita zai zauna bayan ya sha aiki ya ba da labarin rayuwarsa da ta mutanen da suka zo hannunsa. Irin wannan yakan yi shekaru ana sake buga shi, ana aronsa daga hannu zuwa hannu, kuma mafi yawan masu karanta shi ba su taɓa riƙe sirinji ba. Magungunan da aka ambata a ciki sun daɗe da canjawa, amma littafin yana nan da ransa.

Wanda zan kafa misali da shi, don ya fi kusa da mu a ciwo ko da ya yi nisa a ƙasa, shi ne na Dakta Catherine Hamlin, The Hospital by the River, da ya fito a 2001. Mutuniyar Ostireliya ce. Ita da mijinta Reginald, dukkansu likitocin mata, sun sauka Addis Ababa a 1959 da yarjejeniyar shekara 3, za su kafa makarantar ungozoma su koma gida. A can suka fara cin karo da mata masu yoyon fitsari, larurar da ba su taɓa gani ba a asibitocin da suka baro. Komawar da ba a yi ba ke nan. A 1974 suka kafa asibitin da ba ya aikin komai sai na waɗannan mata, kuma kyauta. Mijin ya rasu a 1993, ita ta ci gaba da shiga ɗakin tiyata har tsufa ya kama ta sosai, ta rasu a can Habasha a 2020 tana da shekara 96.

Mutumin Jigawa ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan ciwo. Yarinya ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaki, kan ɗan ya tokare a ƙugu ya ƙi wucewa, ya danne naman da ya raba mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya saɓule ya bar kafa, daga nan fitsari ya riƙa bin ƙafa ba dare ba rana, wata ma har da bayan gida. A ƙasarmu akwai ƙarin wata hanyar, yankan gishiri. Abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani: zarni, ware tabarma, daina zuwa suna da biki, shakkar ko sallarta ta yi, daga ƙarshe a ce ta je gida ta warke, ba a sake waiwayarta. Don haka ne tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki da ma'aikatar lafiya ta jihar a babban asibitin Jahun, tana karɓar haihuwa mai wuya, tana yi wa masu yoyo aiki. Don haka ne aka yi cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, kuma Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan da ya zo Babbar Ruga ta Katsina aikin kuturta a shekarun 1980, ya ɓige da ɗinkin dubban mata. Matar da ta zo Jahun daga Aujara ko Miga, da za a karanta mata labarin wata yarinya daga tsaunukan Habasha, ba za ta ji baƙon abu ba sai sunayen garuruwa.

To amma kamancin ciwo kaɗai bai isa ya bayyana daɗewar littafin ba, tunda ga rahotanni nan barjat a kan yoyon fitsari, ba wanda ke komawa ya karanta su don marmari. Bambancin yana ga abin da kowane ya zaɓi ya adana. Fayil ɗin asibiti yana rubuta shekaru, ciki na nawa, awon jini, girman kafar da wurin da take, maganin da aka bayar, ranar sallama. Aikinsa ke nan, kuma yana da amfani. Ba ya rubuta cewa akuyar uwarta aka sayar aka yi kuɗin mota. Ba ya rubuta cewa maigidan yana ci-rani a Legas, ba wanda ya yarda ya ɗauki nauyin fita da ita sai da aka same shi a waya da asuba. Ba ya rubuta cewa haihuwar fari ce, kunya ta hana ta faɗa wa kowa ciwo ya fara sai da ya yini. Waɗannan abubuwa da fayil ya zubar su ne likita mai tausayi yake tsincewa ya sa a littafinsa. A asibitin Hamlin al'ada ce duk wadda ta warke a ba ta sabuwar riga ta koma gida da ita. Wannan ba ya cikin ilimin tiyata. Amma macen da ta shekara tana wanke zane ɗaya kullum, tana shanya shi inda kishiya ba za ta gani ba, ta san abin da sabuwar rigar nan take nufi, kuma ta san wanda ya yi tunanin rigar ya daɗe yana kallonta da idon basira.

A nan ne abin ya taɓa mu ta wani wuri na musamman. Bahaushe bai san ciwo a kaɗaice ba. Mutum ya kwanta, kafin azahar ɗakin ya cika da 'yan dubiya: sannu, ya jiki, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo rubutu. Addini ma ya sa dubiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Wanzami da maɗori, ko me za a ce game da maganinsu, a tabarma ɗaya suke zama da kai, su tambayi iyali, su saurari labarin tun daga farkonsa ba sa duba agogo. Sai ranar da ciwo ya gagara, a ɗauko mutumin nan a kai shi babban asibiti. A yanki kati, a bi layi tun da sanyin safiya, a kira shi ya shiga, ya tarar da yaro sa'an ɗansa da kai a sunkuye yana rubutu. Tambaya biyu ko uku, a miƙo takardar da ba mai iya karanta ta sai mai kemis. Mai yiwuwa maganin da aka rubuta daidai ne ɗari bisa ɗari. Amma tsohon zai fito yana cewa, "Ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba, balle ya taɓa ni." A wajensa ba a duba shi ba. Gobe in jikin ya motsa, kemis ɗin bakin kasuwa zai nufa, wurin yaron da zai ce masa, "Baba, sannu da zuwa, zauna nan, ina ne ke ciwo?" ko da yaron nan bai san bambancin taifot da maleriya ba.

A ɗakin haihuwa abin ya fi ɗaci. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019, wanda aka yi a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, ya nuna fiye da ɗaya cikin uku na matan da suka haihu a asibiti sun gamu da wulaƙanci: tsawa, gori, zagi, har da mari. Matan karkara suna labarta wa juna irin wannan a gidan suna, kuma wadda ta ji takan ce gara ta durƙusa a ɗakinta gaban ungozomar da ta san sunan kakarta. Mu kuma mu kira shi jahilci.

Shi ya sa da wuya ka sami gari a ƙasar Haɗeja ko Gumel ko Gaya ko Rano da ba shi da nasa labarin likita. Sau da yawa ma ba likita ba ne a takarda. Malamin asibiti ne na ƙaramin sha-ka-tafi, ko wata nas da aka turo ta zauna shekaru, domin a ƙauye duk mai farar riga likita ne. An yi masa canjin wurin aiki tun zamanin soja, wataƙila ma ya rasu, amma ana zaune a dandali sai a ɗauko zancensa. Kasa kunne ka ji me ake tunawa. Ba wanda zai faɗi sunan allurar da ya yi. Za a ce ba ya ƙyamar mutane. Za a ce ko ƙarfe biyun dare ka buga masa ƙofa zai fito. Za a ce ranar da 'yar wane ta rasu a hannunsa har maƙabarta ya raka mu. Littafin ne dai, sai dai a baki yake. Abin da ke sa Bature ya sayi labarin Hamlin shi ne ke sa dattijon Kafin Hausa maimaita labarin malamin asibitin da ya daɗe da barin garin: mutum yana cikin tsoro da rauni, wani mai ilimi da iko a kansa ya mutunta shi, alhali da ya wulaƙanta shi ba abin da zai faru.

Akwai dalili na biyu. A wurin mu da ke kan benci a waje, likita mutum ne da ke shiga ta wata ƙofa ya fito da hukunci. Ba mu san me ke zuciyarsa ba, kuma an hore shi kada ya nuna. A irin wannan littafi ne yake buɗe ƙofar. Nan za ka ji cewa shi ma gabansa yana faɗuwa in jini ya ƙi tsayawa, cewa akwai fuskar da ta hana shi barci shekaru, cewa wata rana ya yanke shawara ta zo ba daidai ba. Littattafan da suka fi daɗewa a hannun mutane su ne waɗanda marubucin bai wanke kansa tas ba. Wannan yana da nauyi a wurinmu saboda yadda muke karɓar mutuwa. In mace ta rasu wajen haihuwa mukan ce kwana ya ƙare, ta yi shahada, Allah ya jiƙanta. Gaskiya ne, kuma da wannan kalma zuciyar uwa take samun wurin tsayawa. Amma sau da yawa kalmar takan rufe bakin tambaya. Me ya sa aka kai magariba ba a fita da ita ba? Me ya sa babu jini ko leda ɗaya a asibitin? Ina wanda ya kamata ya kwana a bakin aiki? Likita mai tausayi, in ya yi rubutu da gaskiya, yana nuna cewa mutum yana iya sallama wa ƙaddara ya kuma zauna ya bi diddigin inda aka yi sake. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Maganar amana kuwa Kano ta san tsadarta. Bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda yara 11 cikin kimanin 200 suka rasu, kamfanin yana cewa cutar ce, iyaye suna cewa ba a yi musu bayani ba, zargi ya zauna a zukata. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan inna kusan shekara guda. Sai da sarakuna da limamai da matan unguwa masu bi gida-gida suka sa fuskokinsu kafin iyaye su koma miƙa 'ya'yansu. Mutumin ƙauye fuska yake amincewa da ita, kuma labarin likita ɗaya mai kirki yana yi wa asibiti aikin da allon sanarwa ba ya iya yi.

Har nan duk yabo ne. Amma akwai abin da ke damuna game da son da muke yi wa irin waɗannan labarai. Suna sa mu ɗauka tausayi hali ne kawai, wani an haife shi da shi wani babu, don haka matsalar asibitocinmu ta rashin tarbiyyar ma'aikata ce. Mu yi lissafi. Likitan da mutum 100 ke jira a ƙofarsa, in ya ba kowa minti 5 kacal, ya cinye fiye da awa 8 bai tashi ya yi salla ba, bai zaga masu gado ba, bai shiga tiyata ba. Kuma shi ne zai kwana a bakin aiki. Tausayi kamar rijiya yake, in ana ta ɗiba ba a bar ta ta tsattsafo ba, guga zai fara fito da taɓo. Nas ɗin da ta yi wa mai naƙuda tsawa ba a wanke ta daga laifi ba, amma a tambaya mata nawa ke durƙushe a gabanta a daren, ita kaɗai, da fitilar waya a baki. Farfesa Muhammad Ali Pate, yana ministan lafiya, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, waɗanda suka rage kuma a manyan birane suka taru. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun iso hannun mutanen kirki, waɗanda ba su da jini, ba wuta, ba mai sa barci don tiyata.

Likitocin da tausayinsu ya yi zurfi su suka fi kowa sanin haka. Farfesa Kelsey Harrison, a asibitin koyarwa na Zariya, ya bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya daga 1976 zuwa 1979, yana rubuta wace ce ta rayu, wace ce ta rasu, a wane hali ta iso. Abin da ya fito fili shi ne mutuwa ta fi cin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya ɓaci, kuma mafi yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Daga nan ya shafe shekaru yana nanata cewa sai an sa 'yan mata a makaranta kafin mutuwar masu haihuwa ta ragu. A zamaninmu Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, aka buga sakamakonsa a 2023. Dabarar mai sauƙi ce. A shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, a daina kintace da ido. In ya kai iyaka a haɗa mata dukkan matakan tsayar da jini a lokaci ɗaya, ba a jira ɗaya ya gaza kafin a gwada na gaba ba. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Ba mai zubar da hawaye in ya karanta wannan rahoto, amma ni a wurina tausayi ne tsantsa, wanda aka mayar tsari yadda zai kai ga matar da likitar ba za ta taɓa gani ba. Ita kanta Hamlin, bayan kusan shekara 50 tana ɗinki, a 2007 ta buɗe kwalejin ungozoma, ana ɗauko 'yan mata daga karkara a koya musu aiki su koma garuruwansu, don ta san ɗinki ba ya ƙarewa muddin ana barin yarinya ta kwana uku a durƙushe.

Wani abin kuma, a irin wannan littafi haske a kan mutum ɗaya yake sauka. Yawancin waɗanda aka yi game da Afirka Turawa ne suka rubuta wa Turawa, kuma ko da niyyar ta yi kyau, baƙar fata a ciki yakan fito a matsayin abin tausayi, mai godiya, marar magana. Daga cikin abin da ya ɗaga labarin Hamlin akwai Mamitu Gashe, yarinyar da aka kawo musu a 1962 da yoyo tana 'yar shekara 16, ba ta taɓa shiga makaranta ba. Bayan an yi mata aiki ta zauna tana gyaran gado, ta koma miƙa kayan aiki a ɗakin tiyata, a hankali ta fara ɗinki, har ta zama ƙwararriyar da likitoci masu digiri ke zuwa daga wasu ƙasashe su koya a hannunta. Mu ma muna da waɗanda ba mai rubuta sunansu: ma'aikaciyar lafiyar da ke karɓar haihuwa ita kaɗai a asibitin ƙauye, mai sharar da ta san wace majinyaciya ce ba ta ci komai ba tun jiya, direban tasha da ya tashi tsakar dare ya ratsa yashi da mai naƙuda, ƙanen miji da ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa. Sai kuma ita mai ciwon, wadda kowa ke magana a kanta. Mun san maganar mace 'yar ƙauye tana iya riƙe littafi, tunda wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954, har yau ana karanta abin da ta faɗa kan aure da haihuwa da zaman gida.

Saura namu. Arewa ta yi likita tun zamanin Dakta Barau Dikko, wanda yau yawancin matasa suka san shi a matsayin sunan asibiti a Kaduna. Daga lokacin zuwa yau an yi dubbai, kuma sun ga abin da ya isa littattafai: sanƙarau na 1996, ambaliyar 2022 da ta yanke ƙauyukan Jigawa daga hanya, mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, daren Oktoban 2024 da tankar mai ta fashe a Majiya aka cika asibitocin Ringim da Haɗeja da waɗanda suka ƙone. Amma shiga kantin littattafan Hausa, ko ka duba abin da ake turawa a WhatsApp: soyayya, addini, tarihin sarakuna da 'yan siyasa. Da wuya ka ci karo da likita ko nas tana ba da labarin aikinta da harshen da ta yi aikin da shi. Dalilan a fili suke. Da Turanci aka koyi aikin, ƙarin girma kuma da ƙasidar Turanci ake samunsa. Wanda ya kwana a tsaye ba ya zama rubutu. Ga kuma tarbiyyarmu da ke ganin ba da labarin kai yabon kai ne, wanda aka ce jahilci ne. Ina ganin wannan kunya ta jawo mana asara. Ɗalibar da ke koyon ungozoma a Birnin Kudu tana buƙatar ta ji daga bakin wadda ta riga ta yadda ake faɗa wa miji cewa matarsa ta rasu, da waɗanne kalmomi, a tsaye ko a zaune, da abin da ake yi in suruka ta ce ba za a yi tiyata ba sai ɗanta ya dawo. Littafin da aka rubuta a Ingila ba zai koya mata wannan ba. Kuma ba lallai sai a takarda ba, jama'ar da ke sauraron karatun littafi a rediyo da a waya za su saurari wannan.

Sai dai akwai shinge ɗaya da ba a tsallake shi da gaggawa, shi ne sirri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta sa bayanin majinyaci cikin abin da ba a bayyanawa haka kawai, kuma tun kafin doka amana ta hana. Likitan Landan yakan canja suna da shekaru da unguwa ya wuce, domin a birni mai miliyoyin mutane wannan ya isa ɓoyewa. A ƙauyen da kowa ya san kowa, canja suna ba ya ɓoye komai. Ka ce wata amarya da aka kawo a amalanke shekarar ambaliya, ta haifi tagwaye ɗaya ya koma, kafin ka rufe baki an san ko 'yar gidan wa ce, an san mijin, an san kishiyar. Kuma ciwon da ya fi buƙatar a ba da labarinsa shi ne wanda aka fi ɓoyewa: yoyo, ƙanjamau, taɓin hankali, cikin da ba na aure ba. Matar da aka ɗinke ta yi sabon aure a wani gari, mai yiwuwa dangin mijin ba su san ta taɓa yoyo ba, shafi ɗaya yana iya rushe mata gida. Don haka wanda zai rubuta irin wannan littafi da Hausa dole ya nemi mai labarin, ta hanyar da neman kansa ba zai tona ta ba, ya karanta mata abin da ya rubuta, ya ce, "Malama, ga abin da na tuna. Haka aka yi? Kin yarda a faɗa?" Za ta gyara masa wasu wurare, domin abin da ta gani daga kan gado ba shi ya gani daga tsaye ba. Wata za ta ce a sa har da sunanta, ta gaji da ɓoyo. Wata za ta ce a bar maganar, kuma in ta ce haka, komai daɗin labarin, babin nan ya fita daga littafin.